ZARTO DA LITTAFI

A makarantu da yawa akwai ɗakuna biyu waɗanda ba su ko gaisawa. Ɗaya shi ne laburare, watau ɗakin da a ke ajiye littattafai. Ɗayan kuwa ɗakin aikin hannu ne, inda a ke koya wa yara zane, da awo, da aikin katako, da haɗa wayar lantarki. Malamin wannan ba ya leƙa wancan. Yara kuwa sun ɗauka laburare wurin masu Turanci da tarihi ne, ɗakin aikin hannu kuma wurin waɗanda karatu ya gagara.

A cikin darasin nan muna so mu nuna yadda za a haɗa aikin ɗakunan nan biyu a kan takarda guda, mako bi mako. Domin malamai muka rubuta shi, amma ba domin su kaɗai ba. Da yawa cikin masu karatunmu iyayen yara ne, waɗansu kuwa suna cikin kwamitin makaranta, su a ke tambaya sa'ad da za a kashe kuɗi. Ya kamata su ma su san abin da za su tambaya.

Wane darasi ke nan?

Sunansa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila dokar ilimi ta 1988 ta kafa manhaja guda, watau tsarin darussa, domin makarantun gwamnati, ta kuma sa fasaha cikin darussan da tilas ne ko wane yaro ya yi. Daga baya aka san darasin da sunan zayyana da fasaha. Manhajar da suka fara koyarwa a 2014 ta ce yara daga shekara 5 zuwa 14 su koyi tsara abu, su yi shi da hannunsu, su gwada shi su faɗi inda ya yi kyau da inda ya kasa, su kuma san ilimin da ke ƙarƙashin aikin. Har girki yana ciki.

A Nijeriya kuwa, sa'ad da aka soma tsarin 6-3-3-4 a 1982, an sa darasin gabatarwa ga fasaha a ƙaramar sakandare. A cikinsa akwai aikin katako, da aikin ƙarfe, da lantarki, da zanen awo, da gini. Gwamnati ta sayo injuna masu tsada daga Turai ta rarraba. Amma makarantu da yawa ba su da ɗakin da za a kafa su, waɗansu ba wuta, waɗansu kuwa ba malamin da ya san kansu. Injuna da yawa suka tsufa cikin akwatunan da suka zo ciki. An sāke wa darasin suna a manhajar 2008, aka haɗa shi da kimiyya a gyaran da aka fara aiki da shi a 2014. A 2025 kuma gwamnati ta sanar da sabuwar manhaja wadda a cikinta yaro zai zaɓi sana'a, kamar ɗinki, ko kafa wutar sola, ko gyaran waya.

Suna yana ta sākewa, amma abin da ke faruwa a inda ba kayan aiki kowa ya sani. Malam ya kan zana zarto a allo, yara su kwafa, su haddace sunayen sassansa. Yaro ya ci jarrabawa da maki mai kyau, bai taɓa yanka katako ba.

Amma a lura, darasin nan ba yanka da bugu kaɗai ba ne. Mai yin abu da tambaya ya ke farawa. Mene ne damuwar? Wa zai yi amfani da abin? Wani ya taɓa yin irinsa? Da me ya yi, nawa ya kashe? Sa'an nan ya zana, ya auna. Sai bayan wannan ya ɗauki zarto. In ya gama kuma ya gwada, ya rubuta abin da ya gani. Ashe zarto a tsakiya ya ke. Abin da ke gabansa da abin da ke bayansa ba su bukatar inji ko wuta. Littafi su ke bukata, da takarda, da fensir, da mutumin da zai nuna wa yaro inda zai duba.

Yaron Malawi

Wannan ba zato ba ne, gama an gani. A ƙasar Malawi, can kudu maso gabashin Afirka, an haifi William Kamkwamba a 1987, ya tashi a yankin Kasungu. Yunwar da ta auka wa ƙasar a 2001 da 2002 ta sa iyayensa suka kasa biyan kuɗin makaranta, ya bar sakandare. Akwai wani ɗan ƙaramin laburare a makarantar firamare ta Wimbe, kusa da ƙauyensu. Nan ya riƙa zuwa. Turancinsa ba ƙarfi, saboda haka zane-zanen littattafan kimiyya ya riƙa bi. Ya dubi zane, ya ga alamar da aka sa wa wani sashe, ya nemi alamar cikin rubutu, da haka ya gane abin da a ke faɗi. Wata rana ya sami wani littafin makarantun Amurka a kan makamashi, da hoton injunan iska a bangonsa. Da dainamon keke, da fankar tsohuwar tarakta, da bututun roba da ya gasa ya miƙar, da sandunan itace, ya kafa nasa injin a gida. A 2002, yana da shekara 14, iska ta juya fanka, ƙwan lantarki ya kama. An buga labarinsa cikin littafi a 2009, aka mai da shi fim a 2019.

Mutane su kan ba da labarin nan domin a yi mamaki. Mu kuwa abin da ya tsaya mana a rai daban ne. Littafin nan bai gaya masa yadda a ke gina injin ba, hoto ya nuna masa, ya kuma faɗi abin da injin ke yi. Sauran shi ya nemo. Ba kuwa darasin da ya aike shi wurin wannan littafi. Sa'a ya yi ya tuntuɓe shi. Yara nawa ne masu irin hankalinsa suka wuce ta gaban irin wannan littafi ba su sani ba? Ba a gina makaranta bisa sa'a. Aikin malamai ne su sa littafin ya iske yaron a makon da ya ke bukatarsa.

Abin da ya sa ba su haɗuwa da kansu

Laburaren makarantu da yawa suna bin tsarin da wani Ba'amurke, Melvil Dewey, ya fitar a 1876. Ya raba ilimi duka kashi 10, ya ba ko wane kashi lamba. Kimiyya tana 500, fasaha da sana'o'i 600, zane da ado 700. Ko wane kashi kuma an sāke rarraba shi. Littafin zafi da sanyi yana 536. Zanen awo yana 604. Aikin lantarki yana 621, kayan lambu 635, abinci 641, ɗinki 646, aikin yumɓu 666, aikin ƙarfe 671, katako 674, kujeru da tebura 684, gini 690.

Tsarin yana da kyau, amma tsarin kasuwa ne. A kasuwa 'yan hatsi suna gefe guda, 'yan tumatir gefe guda, mahauta can gaba. Darasin ƙere-ƙere kuwa miya ne. Ba rumfar da a ke sayar da miya ɗanya a haɗe. Uwar gida ce ta san abin da za a sayo a ko wace rumfa, ita ce ta ke lissafa wa yaron da ta aika cefane. Yaron da aka ce ya yi kujera yana bukatar abu kaɗan daga 604, kaɗan daga 674, kaɗan daga 684, da ɗan lissafi daga 510. In ba wanda ya lissafa masa, zai tsaya a tsakiyar ɗaki yana dube-dube har a buga ƙararrawa.

Wannan lissafin cefane shi mu ke kira taswira.

Yadda a ke yin ta

Kafin a koma makaranta, malamin fasaha da mai kula da laburare su zauna yini guda. A inda ba mai kula da laburare, malamin da ke riƙe da mabuɗi shi ne. Ko laburaren kabad ɗaya ne, ya isa a fara. Malamin fasaha ya zo da tsarin aikinsa na zangon karatu, ɗayan kuma ya zo da jerin littattafan da ke akwai. Su ɗauki babbar takarda. A gefen hagu su rubuta makonni daga sama zuwa ƙasa. A gaban ko wane mako su rubuta aikin da yara za su yi, da tambayar da za su shigo da ita laburare, da littafin da zai amsa ta, lambarsa da shafinsa, da abin da yara za su koya na neman ilimi a wannan mako.

Shafin nan da muka ce a rubuta, kada a raina shi. Shi ne zai tilasta wa malaman biyu su buɗe littafin su gani da idonsu. Littafi ya kan yi babban suna a bango, ciki kuwa ba abin da yaro ɗan shekara 13 zai iya ɗauka. Kada a sa sunan littafin da ba a buɗe ba.

Bari mu yi misali da aiki guda, tukunya cikin tukunya. Mun zaɓe shi domin ba ya bukatar inji, kayansa suna ko wace kasuwa, kuma daga ƙasar Hausa ya yi suna a duniya. Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin fasaha ta Jihar Jigawa a Dutse, ɗan gidan masu ginin tukwane, shi ya yaɗa shi a ƙauyuka cikin shekarun 1990. A kan sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a zuba kayan miya cikin ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Saboda wannan aiki kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a 2000.

A mako na 1 da na 2 ba a taɓa tukunya. Yara za su tambayi iyayensu mata da masu sayar da kayan miya: kwana nawa tumatir ke yi da bazara kafin ya lalace? Me a ke yi da wanda ya fara ruɓewa? Nawa a ke asara? Su shigo laburare da amsoshin, su duba 635 da 641, su ga hanyoyin da a ke adana abinci: shanya, gishiri, hayaƙi, sanyi. Abin koyo a nan shi ne amfani da jerin babi na gaban littafi da jerin kalmomi na bayansa. Yara da yawa su kan kai aji 3 na sakandare ba wanda ya taɓa nuna musu cewa ba sai an karanta littafi daga farko ba kafin a sami abin da a ke nema.

Mako na 3 shi ne zuciyar aikin. Tambayarsa ita ce, me ya sa ruwan randa ya fi ruwan bokitin ƙarfe sanyi, alhali ɗaki ɗaya su ke? Ko wane yaro ya sha ruwan randa, amma kaɗan ne za su iya amsawa. Amsar tana 536. Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa ya kan tsatso ta cikinsu, ya fito waje, iska ta busar da shi. Ruwa kuwa ba ya iya bushewa sai ya sha zafi, zafin nan daga jikin randa ya ke ɗaukarsa. Haka zufa ke sanyaya jikin mutum. Ba kuwa ɗan zafi kaɗan ba ne. Zafin da lita guda ta ruwa ke ɗauka kafin ta bushe ƙaf ya fi ninki 5 na zafin da za a sa a ɗauko lita guda daga sanyin ƙanƙara har ta tafasa. Yaron da ya gane wannan ya san dalilin da ya sa ba za a shafa wa tukunyar waje fenti ba, ya san abin da ya sa a ke ajiye ta a inuwa inda iska ke wucewa, ya san kuma abin da ya sa a ke ƙara wa yashin ruwa safe da yamma. Ba sai an haddace masa dokoki uku ba, dalili ɗaya ya haife su duka.

Daga nan sai a taka zuwa 551, wurin littattafan yanayi, gama akwai tambaya ta biyu. In iska ta riga ta ƙoshi da laima, yaya ruwa zai bushe? Ba zai bushe da sauri ba, shi ya sa wanki ke daɗewa a igiya cikin Agusta. Watau tukunyar nan da rani ta ke aiki, da damina kuwa ƙarfinta kaɗan ne. Tana yi a Dutse da Zinder, ba ta yi sosai a Fatakwal. A nan taswira ta riga ta biya wahalar yin ta. Malamin da ya ga wannan tun kafin a koma makaranta zai sa aikin a zango na biyu, daga Janairu zuwa gaba, ba a zango na uku ba, inda gwajin zai faɗo cikin ruwan sama yara su ce abin ƙarya ne.

A mako na 4 da na 5 yara su nemi labarin waɗanda suka riga su. An ba da labari cewa a tukunyar Bah Abba yalo ya yi kwana 27 maimakon 3, alayyafo ya yi kwana 12 maimakon kwana ɗaya, tumatir da tattasai kuwa mako 3 ko fiye. Mai kula da laburare ya rubuta lambobin nan a allo, sa'an nan ya tambaya: wa ya faɗa? A wane gari aka gwada, a wane wata? Tumatirin nunanne ne ko ɗanye? Ba domin a ƙaryata mutumin ba ne. Domin yara su saba ne da cewa ko wace lamba tana da wanda ya auna ta, da wurin da ya auna. Su ma za su auna tasu.

Mako na 6 na zane ne, da littattafan 604 a buɗe a gabansu. Yaro ya zana tukwanen kamar an tsaga su biyu daga sama zuwa ƙasa, ya nuna kaurin yashi, ya rubuta awo. Ko wane rukuni ya zaɓi nasa kauri, ya faɗi dalili.

A mako na 7 da na 8 laburare ya janye. Wannan lokacin yashi da ruwa ne. A bar gurbin babu kome a taswira, kada a cusa masa karatu don kawai a cika takarda.

Daga mako na 9 zuwa na 11 gwaji. A sayi tumatir wurin mutum ɗaya, rana ɗaya, a raba biyu, rabi cikin tukunya, rabi cikin kwando kusa da ita. A auna zafin ciki da na waje da safe, da tsakar rana, da la'asar. A ƙirga wanda ya lalace ko wace rana. Littafin lissafi zai nuna musu yadda a ke mai da jerin lambobi su zama zane. A nan kuma littafi zai ja musu kunne. Firji ya kan riƙe abinci a wajen digiri 4, tukunya kuwa ba ta kai nan, sanyinta yana bin yanayin ranar. Saboda haka ba wurin ajiye nama ba ce, ko madara, ko magani. Albasa da hatsi ma ba su son laimar cikinta. Yaron da zai kai abin nan gida wurin uwarsa lalle ne ya san iyakarsa.

A mako na 12 ko wane rukuni ya rubuta rahotonsa. Za mu komo kansa.

Guraben da ba a cika ba

Sa'ad da malaman nan biyu suka gama, za su ga waɗansu makonni ba littafi a gabansu ko ɗaya. Kada wannan ya karya musu gwiwa, gama rabin amfanin taswira ke nan. Guraben nan su ne jerin abin da za a saya. Kwamitin makaranta, in an kawo muku takardar neman kuɗin littattafai, ku ce a kawo taswira tare da ita. Ku tambaya, wannan littafi wane mako ne nasa, wane aji? A ganinmu kwafi 6 na ƙaramin littafi mai zane a fili sun fi babban kundi guda mai tsada wanda za a kulle a ofishin hedimasta don kada ya yi datti. Inda kwafi ɗaya ne tak, yara kuwa sun cika aji, sai a raba su rukuni rukuni su shiga bi da bi, a kuma kwafe zanen a babban kwali, a rubuta sunan littafin da shafinsa a ƙasa.

Littattafan kyauta daga ƙasashen waje suna bukatar tankaɗe. A darasin tarihi tsohon littafi ba ya yi wa yaro rauni, amma a aikin hannu yana iya yi. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, ta Nijeriya 230. Littafin da aka rubuta domin can yana ba da awo da inci, manhajarmu kuwa da milimita ta ke aiki. Wannan na biyu ma ba asara ba ne gaba ɗaya, gama har yau kafinta a kasuwa tu-bai-fo zai ce maka, da inci da ƙafa ya ke magana. Yaro ya san inci guda santimita 2.54 ne, ya iya magana da littafi, ya iya magana da kafinta. Mai kula da laburare ya manna 'yar takarda a bangon irin waɗannan littattafai, ya rubuta abin da za a lura da shi.

Waya da kwamfuta su ma a sa su cikin taswira kamar littafi, watau a faɗi abin da za a duba, ba a ce wa yara su je su bincika intanet kawai ba. Inda ba intanet, akwai Kiwix, wadda a ke saukar da Wikipedia da ita sau ɗaya, har da ta Hausa, a riƙa karantawa ba tare da layi ba. Tambayoyin mako na 4 suna nan daram: wa ya faɗa, a ina ya gwada?

Ilimin da ba ya cikin littafi

Akwai gurbin da ba kuɗin da zai cika shi. Wace ƙasa ce ta garinku ke yin randa mai sanyi? Me a ke cuɗa ta da shi don kada ta fashe a wuta? Ba a buga wannan a Landan ba, ba a buga shi a Zariya ba. Yana hannun maginiyar tukwane da ke bayan kasuwa. A rubuta ta cikin taswira kamar yadda aka rubuta littafi, a gaban mako na 5.

Malam ya fara zuwa shi kaɗai ya gaishe ta, ya nemi izini. Ranar da yara za su je, su je su kaɗan, da tambayoyinsu a rubuce. Su durƙusa su gaisa. "Inna, mun zo ki koya mana. Me ya sa wata randa ke sanyaya ruwa, wata ba ta yi?" Su rubuta abin da ta faɗa da kalmominta, da Hausa, kada su gyara mata magana ta koma ta littafi. In akwai abin da ta ce asirin sana'arsu ne, a bar mata abinta. Sa'an nan su komo su karanta mata abin da suka rubuta, ta ce haka ne ko ba haka ba ne. Sunanta ya hau takardar in ta yarda. Haka za a yi da maƙeri, da kafinta, da mai walda, da tela, ko wanne a zangon da ya shafe shi. Ban da ilimin da za a samu, yaro zai ga malaminsa mai takardar shaida yana tsugune yana tambayar wadda ba ta taɓa shiga aji ba.

A kawo zarto cikin laburare?

Wani zai ce, tun da ya ke haka ne, me zai hana a haɗa ɗakunan su zama ɗaya? A Amurka an yi haka. Tun wajen 2011 waɗansu laburare suka fara ware gefe guda su sa kayan ƙere-ƙere, da keken ɗinki, da injin da ke buga abu da roba, makarantu kuma suka bi sahu. Ba mu ce laifi ne ba a inda a ke da fili da kuɗi. Amma ba da shi za mu fara ba. Ƙurar katako da jiƙaƙƙen yashi ba abokan takarda ba ne, kuma a makarantu da yawa laburare ne kaɗai wurin da yaro zai sami shiru. Wanda ya tuna da akwatunan 1982 ba zai yi saurin cewa sayen inji ne maganin abin ba. Abin da za mu yarda da shi cikin laburare ɗan tebur ne guda a kusurwa, a ɗora masa tsohon kwado, da dainamon keke, da tocilan da aka kwance, ko wanne da littafin da ya bayyana shi a buɗe kusa da shi. A sāke kayan teburin bisa ga makon da taswira ta nuna.

Rahoton mako na 12

Rahoton nan ba na malam ba ne ya sa maki ya jefa a kwandon shara. Ko wane rukuni ya rubuta tambayar da ya fara da ita, da littattafan da ya duba da shafinsu, da zanensa, da lambobin da ya auna, da kuɗin da ya kashe. Wanda tukunyarsa ta tsage ya rubuta ranar da ta tsage da abin da ya ke tsammani ya jawo. Wanda tumatirinsa ya riga na kwando ruɓewa ya rubuta haka, kada ya gyara lamba don kunya. Malam ya faɗa musu tun da fari cewa ba sanyin tukunya a ke ba maki ba, gaskiyar rahoto a ke ba.

Mai kula da laburare ya tattara su, tare da maganar maginiyar tukwane, ya ɗinke su cikin bango mai ƙarfi. Ya rubuta shekara da aji a kai, ya ba shi lamba 641.4, inda a ke jera littattafan adana abinci, ya shigar da shi cikin jerin littattafan makaranta, ya sa shi a kanta tare da sauran. Taswirar kuma a ajiye ta, malaman biyu su rubuta a gefenta makon da lokaci ya kasa da littafin da ya fi ƙarfin yara. Ajin baɗi, in sun kai mako na 4 suna neman waɗanda suka riga su, za su sami Bah Abba na Dutse, za su kuma sami yayyensu na aji 2, da awon zafin garinsu na watan Maris, da kaurin yashin da aka riga aka gwada.